Hannu Kafin Fensir: Amsoshin Likita Kan Koyon Rubutun Ƙananan Yara

Tambaya: Likita, barka da aiki. Ɗana yana da shekara 3 da wata 2, yana ajin nazare, kuma kullum sai an ba shi jingar rubuta haruffa shafi guda. Damƙe fensir yake yi a tafin hannu, in na matsa masa sai kuka. Malamarsa ta ce an bar shi a baya. Ko akwai abin da ke damunsa? (Wata uwa daga Unguwar Rimi)

Amsa: Malama, a bayaninki ban ga alamar ciwo ba, abin da na gani shi ne an ɗora wa yaro aikin da ya girmi shekarunsa. Ƙarfin sarrafa hannu yana saukowa ne daga kafaɗa zuwa gwiwar hannu, sannan wuyan hannu, yatsu kuwa su ne na ƙarshe. Jariri kan fara tsintar ƙaramin abu da babban yatsa da manuni tsakanin wata 9 da 12. A wajen shekara 2 yaro yakan kwaikwayi layi a tsaye, a shekara 3 ya zana da'ira, a shekara 4 ya yi alamar tarawa, amma zane mai kusurwa uku sai ya kai kamar shekara 5. Ki dubi harafin A ko K, za ki ga layukansu a karkace suke, irin na zane mai kusurwa uku, wato ana neman ɗanki ya yi abin da yawancin yara ba sa iyawa sai nan da shekara biyu. Riƙon fensir da yatsu uku shi ma yakan zauna ne tsakanin shekara 4 da 6.

Abin da yake buƙata yanzu shi ne aikin da ido zai nuna wa hannu hanya, kuma kayan aikin suna cikin gidanki. Ki bar shi ya mulmula ƙullin fulawa ko yumɓu, ya juye ruwa daga kofi zuwa kofi, ya ɓalle maɓallin rigarsa, ya zura igiya a cikin murafen kwalba da aka huda, ya cafe ƙwallo. Ki ba shi alli ko gawayi ya yi manyan zane a ƙasa, domin babban zane da kafaɗa ake yin sa, kuma ita ce ta riga ta yi ƙwari. Yaran da suka ɗan tasa kuwa, ban san wani abin wasa na kanti da ya fi carafke horar da ido da hannu ba. Sai dai ki kula, gyaɗa da wake da ƙananan duwatsu suna shaƙe yara, suna kuma cusa su a hanci da kunne, saboda haka kada a bar shi da su ba tare da babba a kusa ba. Jingar kuma ki yi wa malamarsa magana cikin mutunci a rage ta, domin yaron da ya saba kuka a gaban littafi yana da wuyar lallashi idan lokacin rubutun na gaskiya ya zo.

Tambaya: 'Yata shekararta 6, da safe boko, da yamma Islamiyya. Tana rubuta b a maimakon d, wani lokaci ma ta fara Hausa daga dama. Shin in dakatar da ɗaya har ta ƙware a ɗayan? (Wani uba daga Rigasa)

Amsa: Malam, kada ka dakatar da ko ɗaya. Juya haruffa abu ne da aka saba gani har zuwa wajen shekara 7, ko a wurin yaran da ba su taɓa ganin rubutun Larabci ba. Dalili shi ne, tun tana jaririya ƙwaƙwalwarta ta koyi cewa kofi kofi ne ko mariƙinsa ya kalli dama ko hagu, sai ga shi a rubutu an ce mata juyawar ta mayar da abu wani daban. Mu Hausawa kuma muna da ƙarin ɓ da ɗ, ga ba da ta na Larabci waɗanda ɗigo ne kawai ya raba su.

A ɗauki harafi ɗaya a zauna a kansa har ya kama, kada a haɗa mata b da d a rana guda. A riƙa haɗa harafin da sautinsa da kalmar da ta sani, kamar b na baba, d na doki, tana faɗa tana zana shi da yatsa a rairayi. A sa mata ɗan ɗigo mai launi a gefen hagu na littafin boko don ta san mafara. Malaman allo sun daɗe da gane amfanin wannan bin daki-daki, shi ya sa ba a shiga farfaru sai an gama babbaƙu. Idan ta kai shekara 8 tana kasa haɗa sauti da harafi duk da tana samun koyarwa, to a auna jinta da ganinta, sannan likitan yara ya duba ko tana da matsalar karatu da ake kira disleksiya, wadda ba ta da alaƙa da ƙarancin basira.

Tambaya: Akwai manhajojin koyon haruffa a waya. Zan iya bar wa ɗana mai wata 20? (Wata uwa daga Barnawa)

Amsa: Ban ba ki shawarar haka ba. A jagorar da ta fitar a 2019, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada a zaunar da yaron da bai kai shekara 2 ba a gaban waya ko talabijin, masu shekara 2 zuwa 4 kuma kada su wuce awa ɗaya a rana. Shafa gilashi da yatsa ɗaya ba ya koya wa hannu nauyi ko riƙo. Ki buɗe masa littafi mai hotuna, yana nunawa kina faɗa masa suna.

Tambaya: Jikana bahago ne, shekararsa 5. Muna ta fama ya koma dama, ya ƙi. (Wata kaka daga Kawo)

Amsa: Hajiya, a bar masa hagunsa a wajen rubutu. Kusan mutum 1 cikin 10 bahago ne, kuma tsarin ƙwaƙwalwa ne, ba taurin kai ba. Cin abinci da gaisawa da dama ana iya koya masa a hankali ba tare da duka ba, amma tilasta masa rubutu da hannun da bai fi ƙarfi ba zai sa ya yi nawa, ya kuma tsani aji. A ɗan karkata masa takarda, a zaunar da shi a gefen hagu na benci. Wanda nake so a kai asibiti shi ne jaririn da tun kafin ya cika shekara yake amfani da hannu ɗaya kawai, domin hakan yana iya nuna rauni a ɗaya ɓangaren.

Tambaya: Ɗana mai shekara 4 yana manna littafi a fuska, yana yawan tuntuɓe, kuma idonsa ɗaya yana karkacewa. An ce zai daidaita in ya girma. (Wani uba daga Tudun Wada)

Amsa: Malam, wannan kam ba a jira. Harara-garke da ya wuce wata 6 na haihuwa ba ya cikin abin da ake bari ya gyaru da kansa. Ƙwaƙwalwa takan daina amfani da idon da ya karkace, ganinsa ya raunana, kuma magani, ko da tabarau ne ko rufe lafiyayyen idon na wasu sa'o'i a rana, ya fi yin tasiri kafin shekara 7. Babu wasan da zai gyara hannu alhali ido ba ya gani sosai. Mu a Kaduna mun yi dace da Cibiyar Kula da Lafiyar Ido ta Ƙasa da ke hanyar Mando, ka kai shi a cikin makon nan. Idan kuma ka taɓa ganin wani fari a tsakiyar baƙin idonsa, ko da a hoto ne, ka faɗa wa likitan tun kafin ya fara duba shi.