Wakilin suna mai iya komawa ga sunaye biyu a tambayoyin gyaran jimla na GMAT

Ka tambaya ko, a tambayoyin gyaran jimlar Turanci na tsohon tsarin GMAT (jarrabawar neman shiga karatun digiri na biyu a fannin kasuwanci), wajibi ne a watsar da duk zaɓin amsar da wakilin sunan cikinsa zai iya komawa ga sunaye biyu. A'a, ba wajibi ba ne. Fara duba adadi tukuna: "it" da "its" na tilo ne, "they" da "their" na jam'i, kuma zaɓin da ya saɓa wa wannan ya faɗi nan take. Idan adadi ya dace, ma'anar jimlar kuma ta nuna sarai wanda ake nufi, musamman inda wakilin sunan yake komawa ga mai aikin da ya buɗe jimlar, to ka bar zaɓin ka nemi kuskure a wani wuri.

A wajen koyar da ɗalibai na lura cewa sunayen ƙungiya ne suka fi kayar da mu, domin a bakinmu mukan ce "kwamitin sun amince", Turancin Ingila ma ya yarda da haka, alhali jarrabawar tana bin ƙa'idar Amurka, inda "The committee announced that they would meet" kuskure ne, sai an sa "it". Saboda haka ka ɗora yatsa a kan wakilin sunan, ka maye gurbinsa da ainihin sunan, ka sake karanta jimlar. Ka kuma sani cewa sabon tsarin GMAT da GMAC, hukumar da ke shirya jarrabawar, ta fito da shi a 2023 ya cire sashen gyaran jimla, an kuma daina amfani da tsohon tsarin a 2024, don haka ka tabbatar cewa jarrabawar da za ka zauna tana da irin waɗannan tambayoyi kafin ka ba wannan atisaye lokacinka.