In bar Danfodiyo a aji biyu in tafi karatu waje?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Jami'ar Usmanu Danfodiyo, ina aji biyu a sashen kimiyyar sinadarai. Kawuna ya ce zai sayar da filinsa na Arkilla ya tura ni ƙasar waje in sake farawa. Wane amfani ke cikin karatu a waje, kuma ya kai a sayar da fili dominsa? Daga wani ɗalibi, Mabera, Sakkwato.

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya saka wa kawunka da alheri, ya bar zumunci. Amfani akwai shi, kuma ba kaɗan ba. Amma shawarata, ƙanena, kada a taɓa filin nan yanzu. Ka ƙarasa digirinka na farko a Dundaye, mazaunin jami'arku, ka fito da sakamako mai kyau, sannan ka nemi tallafi ka tafi digiri na biyu. A wannan matakin ribar fita take.

Ga mai karatun kimiyya irinka, babbar ribar ita ce kayan aiki. A yawancin jami'o'inmu ɗalibi zai zana na'ura a littafi, ya haddace sassanta, ya ci jarrabawa a kanta, bai taɓa kunna ta ba. A jami'a mai ƙarfi a Jamus ko Ingila ko Malesiya, cikin makonnin farko za a koya maka dokokin ɗakin gwaji, a ba ka safar hannu da tabarau, ka rubuta sunanka a jadawalin na'urar. Ka zuba samfurinka da hannunka, sakamako ya fito a karkace, ka koma ka nemo inda ka kauce, ka sake. Wannan maimaitawar ce ke mayar da mutum masani. Ga mujallun bincike da a nan sai ka roƙi wani ya turo maka, can da lambarka ta ɗalibi za ka buɗe su. Sai dai duk wannan ya fi amfanar wanda ya riga ya san abin da yake nema. Ɗan aji ɗaya, ko a can, yawancin lokacinsa a ɗakin lacca yake.

Akwai kuma lokaci. Yajin aikin ASUU na 2022 ya ci wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba, na 2020 kuma wata tara. A Ingila digiri na biyu shekara ɗaya ne, kuma tun ranar da ka shiga ka san watan da za ka fita. Sai harshe da mutane. Tallafin gwamnatin Turkiyya yana haɗawa da shekara guda ta koyon Turkanci, wanda ya zauna Jamus kuma yakan dawo da Jamusanci. Abokan ajinka na Indiya ko Kenya su ne gobe za su tuna da kai idan wani aikin bincike ya taso.

Fita neman ilimi ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Shehu Usmanu ya je har Agadas wurin Malam Jibril, Sheikh Abubakar Gumi kuma ya yi karatu a Bakht al-Ruda ta Sudan a shekarun 1950. Dukansu sai da suka yi tushe a gida kafin su fita.

Abin da ke ba ni tsoro a shirin kawunka shi ne kuɗin. Fili sau ɗaya ake sayar da shi, kuɗin makaranta kuwa duk shekara ake biya, da dala ko fam. Kafin Yunin 2023 dala ɗaya a farashin gwamnati wajen naira 460 take, a 2024 ta haura 1,500. Iyaye da yawa da suka yi lissafin shekara huɗu sai suka ga kuɗin ya ƙare a ta biyu, yaro ba digiri a can, ga gurbinsa na gida ya tafi. Kada ka dogara da cewa za ka yi aiki ka biya: a Ingila awa 20 kawai ake yarje wa ɗalibi a mako lokacin karatu, da ƙyar ya ishe ka haya da abinci. Ka tuna kuma da 'yan'uwanmu da yaƙi ya koro daga Yukiren a 2022 da Sudan a Afrilun 2023, waɗansu suna dab da gamawa.

Ka yi hattara da dillalan gurbin karatu. A Janairun 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance digirin Benin da Togo, bayan wani ɗan jarida ya samo digiri a Kwatano cikin mako shida. Kowace jami'a aka ambata maka, ka tabbatar Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta amince da ita, in ba haka ba ko hidimar ƙasa ba za ka yi da takardar ba.

Hanyoyin tallafi suna nan. PTDF, asusun gwamnatin tarayya na bunƙasa fasahar man fetur, tana ɗaukar nauyin digiri na biyu da na uku a fannonin da suka shafi man fetur da makamashi, sinadarai kuwa na ciki. Akwai tallafin Commonwealth, akwai na hukumar DAAD ta Jamus. Chevening, ta gwamnatin Birtaniya, tana son ka yi aikin shekara biyu tukuna, kuma ka koma gida na shekara biyu bayan ka gama. Yawancin jami'o'in gwamnati a Jamus ba su karɓar kuɗin karatu, amma sai ka nuna sama da yuro 11,000 na zaman shekara kafin a ba ka biza. Kusan duk masu ba da tallafi suna neman digiri mai daraja ta biyu ta sama (2.1) ko sama da haka, saboda haka makin da kake samu a aji biyun nan yana cikin lissafi.

Ka je ka zauna da kawunka cikin ladabi ka yi masa wannan bayani. Ka roƙe shi ya riƙe filinsa, ya taimaka maka da kuɗin fasfo da na jarrabawar Turanci ta IELTS idan lokaci ya yi. Kai kuma ka kusanci malamai biyu ko uku a sashenku tun yanzu, su san aikinka, don su ne za su rubuta maka takardar shaida, kuma ka yi binciken shekarar ƙarshe da hannunka, domin a kansa za a fi tambayarka ranar ganawa.