Yadda za ki amsa saƙo ba tare da kin fita daga manhajar da kike ciki ba

Wa alaikumus salam Hajiya, ya kasuwa? Na ga tambayarki. Kin ce kina cikin manhajar banki kina duba ko kuɗin atamfa sun shigo, sai mai saye ta turo saƙo, da kin fita kin ba ta amsa kin dawo sai ki tarar an rufe ki, sai kin sake sa lambar sirri. Kika tambaya ko akwai wata manhaja da za ki sauke ta raba ki da wannan wahalar. Kada ki sauke komai. Abin da kike nema yana cikin wayarki tun daga kamfani, sai dai ko an kashe shi. Ni sana'ar POS nake yi a nan Gombe, wajen Tashar Dukku, kuma kusan kullum sai an miƙo min waya an ce in duba irin wannan matsalar.

Ki fara sanin dalilin da ya sa ake korar ki. Wani lokaci bankin ne da kansa, da gangan aka gina manhajar ta kulle da zarar kin bar ta, don kada wani ya ɗauki wayar ya tarar da asusu a buɗe. Wani lokaci kuma wayar ce. Ma'ajiyar aikinta, wadda ake rubuta wa RAM a jikin kwali, kamar tiren mai talla take, in ya cika sai an sauke wani abu kafin a ɗora wani. Waya mai giga 2 ko 3, da kin buɗe WhatsApp mai cike da hotunan kaya sai ta rufe abin da kika bari a baya. Ko wanne ne dalilin, maganin ɗaya ne, kada ki bar wurin.

Hanya mafi sauƙi ita ce ta sanarwar da ke leƙowa daga saman waya idan saƙo ya shigo. Ba saƙon za ki taɓa ba, don taɓa shi ne yake jan ki zuwa WhatsApp. Ki dubi ƙasansa, akwai inda aka rubuta Reply. Da kin danna nan, ɗan akwatin rubutu zai buɗe a wurin, ki rubuta ki tura, bankinki yana nan a ƙasa yana jiran ki. In sanarwar ta ɓace kafin ki kai hannu, ki ja yatsa daga can saman waya zuwa ƙasa, za ki gan ta a jere da sauran. Jan wannan labulen ba fita ba ne, shi ya sa yawancin manhajojin banki ba sa kulle mutum a kansa. In mutum uku ko huɗu suka turo a tare, wayar takan dunƙule su wuri ɗaya, sai kin danna 'yar kibiyar da ke gefe sun rarrabu sannan za ki ga wurin amsa a ƙarƙashin kowa.

Wannan ba sabon abu ba ne. Android ta zo da shi tun a Android 7, a 2016, don haka duk Tecno ko Infinix ko itel ko Samsung ko Redmi da aka saya a 'yan shekarun nan tana da shi. Masu iPhone sun riga mu, tun iOS 8 a 2014 suke amsa tes a haka. Su danne sanarwar suke yi su riƙe, ko su ja ta ƙasa, sai akwatin ya fito. Kuma yana aiki a tes na layi, da WhatsApp, da WhatsApp Business, da Telegram, da Messenger.

Akwai wani amfani da 'yan kasuwa ke so a nan. In a sanarwa kika karanta saƙo, mai turowa ba za ta ga shuɗin maki biyun nan ba, wato ba ta san kin gani ba. Amma da kin amsa, ko kin danna inda aka ce an karanta, shi ke nan ya nuna.

To amma na san abin da wasu za su ce: ni tawa ba ta leƙowa, sai na buɗe WhatsApp nake ganin saƙonni sun zubo. A nan ne aikin yake, kuma mafi yawan wayoyin da ake kawo min a nan matsalarsu take. Tun daga Android 13, wadda ta fito a 2022, duk manhajar da aka sauke sai ta nemi izini kafin ta riƙa nuna sanarwa. Mutum yana sauri sai ya danna bai yarda ba, ya manta, daga baya ya ce waya ta lalace. Ki danne tambarin WhatsApp ɗin ki riƙe, ki shiga bayanin manhajar, ki shiga wurin sanarwa, ki tabbatar a kunne yake. Kada ki tsaya nan. Tun Android 8 aka rarraba sanarwa gida-gida, na saƙon mutum ɗaya daban, na zaure daban, na kira daban. Ki shiga na saƙonni ki ga ba a mayar da shi shiru ba, sannan ki kunna wanda ke cewa ya riƙa leƙowa a fuskar waya. A cikin saitin WhatsApp ma akwai maɓallin da ke ba sanarwa fifiko, shi ma ki kunna. Ki kuma duba saman wayar ko akwai alamar jinjirin wata ko da'ira mai layi a tsakiya, wannan yanayin kada a dame ni ne, yara na yawan kunna shi ba su sani ba.

Babban mai laifin dai shi ne tattalin caji. Yadda wuta take a garin nan, kowa wayarsa na cikin yanayin adana batir tun safe, wasu kuma sun hana manhajoji shan data a ɓoye. Ba laifi ba ne, amma ki sani duk manhajar da aka hana aiki a bayan fage saƙonta zai iya makara. A Tecno da Infinix da itel, waɗanda duk kamfani ɗaya ne ke yin su, Transsion na ƙasar Sin, akwai Phone Master. Ki shiga ciki ki ba WhatsApp da manhajar tes damar tashi da kansu, ki cire su daga jerin abubuwan da ake sharewa. A Samsung kuma ki duba wajen batir, ki fitar da su daga cikin manhajojin da aka sa barci. Sannan ki rage danna tsintsiyar nan ta share-share kowane minti biyar. Ba ta ƙara wa waya sauri yadda ake zato, rufe abubuwa kawai take yi su sake tashi daga farko.

In kuma saƙon mutum ɗaya ne kawai ba ya leƙowa, ki duba ko kin sa hirarsa shiru ko kin tura ta ma'ajiya. Hirar da aka kulle da zanen yatsa ita ma ba ta nuna suna ko abin da aka rubuta.

Akwatin sanarwa na gajeren zance ne: "na gani", "sun shigo", "yadi shida ne", "ki turo ɗan acaɓa". Ba za ki iya tura saƙon murya daga nan ba, ba za ki tura hoton leshi ba, in ma ita ce ta turo murya sai kin shiga kafin ki saurara. Mu kuwa mun san rabin cinikin mata da murya ake yin sa. A nan sai ƙaramar taga mai shawagi. A yawancin Tecno da Infinix na yanzu akwai Smart Panel, wani siririn layi a gefen waya da ake jawowa. Ki sa WhatsApp a ciki, da kin taɓa shi sai ya buɗe ɗan ƙarami a kan abin da kike yi, ki saurari murya, ki tura hoto, ki rufe. Samsung nata Edge Panel ne, aikin kusan iri ɗaya. Akwai kuma raba fuskar waya gida biyu, sama da ƙasa, wanda shi ma da Android 7 ya zo: ki danna maɓallin da ke nuna manhajojin da kika buɗe, ki taɓa tambarin wadda kike so, ki zaɓi rabawa. Ni ban cika son wannan ba a ƙaramar waya, da allon rubutu ya taso ya cinye rabin wurin. Amma ga mai kallon karatu a YouTube yana amsa saƙo, ba laifi.

Masu Android 11 zuwa sama suna da ƙarin wani abu, Bubbles, ɗan ƙwallo mai hoton mutum da ke maƙale a gefe. Wanda ya yi zamanin Messenger tun 2013 ya san irinsa. Yana aiki da Google Messages da Telegram da Messenger. Shi kuwa tsohon akwatin WhatsApp da ke faɗowa tsakiyar waya, wanda wasu ke ta nema a saiti, an daina shi daga Android 10, kada ki ɓata lokaci.

Sai dai ki san wasu manhajojin banki ba sa yarda a raba su biyu ko a ɗora wata taga a kansu. In kin ga haka ba lalacewa ba ce, kariya ce, don ɓarayi kan ɗora fuskar bogi a kan ta gaskiya su kwashe lambar sirri. Ƙananan wayoyi masu Android Go, wato Android ɗin da aka rage wa nauyi, su ma galibi ba su da raba fuska. IPhone ma ba ta da shi, sai iPad. Duk waɗannan sanarwa ce abin dogaronsu.

In da lambobin tauraro kike tura kuɗi, ko kina sayen data da *312#, to wannan lissafinsa daban. Zaman gajere ne, daƙiƙoƙi kaɗan yake jira ya yanke. Ki gama tukuna, mai saƙo ba za ta gudu ba.

Tunda ke 'yar kasuwa ce, ga abin da zai rage miki rubutu. In Gboard, wato allon rubutun Google, kike amfani da shi, akwai allon ajiye abin da aka kwafa a samansa. Ki rubuta lambar asusunki da sunan banki sau ɗaya, ki kwafa, ki kafe shi a ciki. Haka kwatancen gida ko shago, haka farashin kayan da aka fi tambaya. Duk wadda ta ce turo akawun, daga cikin akwatin sanarwa za ki taɓa shi ya shiga. Amsoshin da wayar ke kawowa da kanta a ƙasan saƙo, waɗanda suka fara a Android 10, da Turanci suke zuwa, ba sa yi mana wani amfani a hirar Hausa.

Game da tes na layi kuwa, shafi ɗaya harafi 160 ne. Amma da kin sa ƙ ko ɗ ko ɓ guda ɗaya, ko fuskar dariya, shafin ya koma harafi 70, don an canza tsarin da ake aika shi. Akwatin sanarwa kuma ba ya nuna miki shafi nawa kika ci. Saƙon da kike ganin ɗaya ne sai a cire miki kuɗin uku. A WhatsApp ki rubuta Hausarki da lanƙwasarta yadda kike so, a tes kuwa ki taƙaita.

Inda na fi ganin mutane na jin kunya shi ne tura amsa ga wanda ba shi ba. Sanarwa motsi take yi, kina kai yatsa wani saƙon ya shigo ya ture na farko ƙasa. Ki dubi sunan da ke saman akwatin kafin ki tura. Musamman zaure, in saƙon daga zauren 'yan'uwa ko na 'yan adashi ya fito, amsarki kowa zai gani, ba wadda ta yi magana kaɗai ba. Na ga wadda ta faɗi farashin sari a zauren masu sayen ɗai-ɗai, kafin ta goge an riga an karanta.

Haka nan abin da ya sauƙaƙa miki ya sauƙaƙa wa duk wanda ya ɗauki wayar. In kina barin ta wurin caji, ko a hannun yaron shago, ki shiga saitin fuskar kulle ki ce a ɓoye abin da saƙo ya ƙunsa sai an buɗe. A iPhone, cikin saitin Face ID da lambar sirri akwai maɓallin da ke ba da damar amsa saƙo waya tana kulle, ki kashe shi. Lambar OTP, wato lambar sirri ta amfani sau ɗaya da banki ke turowa, ita ma a sanarwar take fitowa. Google Messages kan ba ki wurin kwafe ta kai tsaye, iPhone kuma tun iOS 12 a 2018 take ɗora ta a saman allon rubutu, ba sai kin fita ba. Kwafe ta za ki yi ki sa a manhajar banki da hannunki. Duk wanda ya ce ki turo masa ita, ko ya ce daga banki yake, ɓarawo ne.

Wannan ne ma ya sa na ce kada ki sauke komai. Manhajojin da ke tallan za su fito miki da saƙo a kan komai, abin da suke fara nema shi ne izinin karanta duk sanarwar wayarki, har da alat ɗin banki da OTP. Ba ki san wanda ya ƙera su ba, ba ki san inda bayanan ke zuwa ba. GB WhatsApp da 'yan'uwansa ma haka, ba na kamfanin ba ne, kuma ana rufe layin mutum a kansu. Wadda duk kwastomominta ke kan lamba ɗaya ba ta da dalilin yin wannan kasadar.

In kin bi waɗannan bai yi ba, ki shiga saiti, can ƙasa wajen bayanin waya, ki faɗo sunan wayar da lambar Android ɗin da ke ciki, don wurin maɓallan ya bambanta daga HiOS na Tecno zuwa XOS na Infinix. Sai in faɗa miki daidai inda za ki danna. Allah ya kawo kasuwa.