Tambayoyinku: Kafin Ka Rubuta Layin Kod Na Farko

Tambaya: Malam, barka da aiki. Na koyi HTML da CSS da JavaScript, ina so in gina manhajar intanet da makaranta za ta riƙa ajiye sakamakon ɗalibai a ciki. Cikin kayan aikin JavaScript na gina fuskar shafi, da React zan fara ko da Vue?

Amsa: Barka kadai, ɗan'uwa. Ajiye wannan tambayar tukuna, ka ɗauko takarda da biro. Rubuta su wane ne za su yi amfani da manhajar, malamai, shugaban makaranta, iyaye, sannan ka fayyace abin da kowa zai iya gani da abin da zai iya canzawa. Malamin lissafi ba shi da hurumin taɓa makin darasin wani.

Sai tsarin rumbun bayanai, kuma a nan nake so ka daɗe. Kada ka bambance ɗalibai da suna, domin za a samu biyu masu suna iri ɗaya. Ba kowa lambarsa. Kowane maki ka ɗaure shi da ɗalibi, da darasi, da zango, da shekara. Idan ajin yaro kawai ka ajiye, ranar da ya hau aji na gaba sakamakon bara zai rikice, gyaransa kuma aiki ne ja. Wannan kuskuren ya fi zaɓen kayan aiki illa nesa ba kusa ba.

React, wanda Facebook ta fitar a 2013, da Vue na 2014, duk suna aiki. Amma ga irin aikinka ni Django, kayan gina manhajar intanet da yaren Python, zan ba ka shawara, don yana zuwa da tsarin shiga da shafin gudanarwa a shirye. Ka sa Git, mai ajiye tarihin canje-canjen kod, tun ranar farko, kuma ka fara da shafin shigar da maki kaɗai, malami ɗaya ya gwada maka.

Tambaya: Yallabai, na sa JavaScript yana duba fom kafin a tura. Ya wadatar wajen tsaro?

Amsa: Ko kusa. Duk abin da ke cikin burauza yana hannun mai burauzar. Da danna F12, wanda ke buɗe kayan gyaran kod na burauza, zai iya cire maka dubawar. Dole saba, wato kwamfutar da ke karɓar fom ɗin, ta sake duba komai. Kada ka liƙa abin da mutum ya rubuta kai tsaye cikin umarnin SQL, yaren da ake magana da rumbun bayanai, ta nan ɓarayi ke kwashe rumbu. Yi amfani da umarni mai gurbi da manhajar rumbun ke cikewa da kanta. Kalmar sirri kuwa amana ce, ba a ajiye ta yadda aka rubuta ta. A niƙa ta da bcrypt ko Argon2, hanyoyin da ke sauya ta zuwa rubutun da ba a iya mayarwa asali. Takardar shaidar HTTPS, mai ɓoye bayanan da ke tafiya tsakanin burauza da saba, kyauta ce daga ƙungiyar Let's Encrypt, don haka babu uzuri. Ka riƙa ajiye kwafin rumbun a wani wuri daban, kuma ka gwada dawo da shi ka tabbatar yana buɗewa.

Tambaya: Shafina yana gudu a kwamfuta, amma a waya sai ya yi nauyi.

Amsa: Sau da yawa hotuna ne. Rage girmansu, ka mai da su WebP, nau'in hoto mara nauyi. Sannan ka buɗe Lighthouse, mai auna saurin shafi, a cikin Chrome, ka zaɓi gwajin waya, zai jero maka fayilolin da ke cinye lokaci, ka fara da mafi nauyi.