Tambayoyin Masu Karatu: Hoton da Ke Bin Motsin Mai Kallonsa

Tambaya: Assalamu alaikum. Na ga wani bidiyo inda mutum ya tsaya gaban allo a gidan baje kolin fasaha, sai siffarsa ta bayyana tana bin duk motsin da ya yi. Shin wannan ya bambanta da kwalliyar fuska da manhajojin waya suke yi mana, ko kuwa duk kanwar ja ce?
Daga wata mai karatu

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Kayan aikin kusan iri ɗaya ne, wato kyamara da kwamfuta da manhajar da ke sarrafa abin da kyamarar ta ɗauko, amma manufar ta sha bamban. Manhajar waya tana gyara fuskarki ne domin ki ji daɗi, shi kuwa mai wannan fasaha so yake ki tsaya ki yi tunani a kan yadda na'ura take ganinki. Hoton da aka zana da fenti ya kammala tun kafin kowa ya kalle shi, wannan kuwa ba ya kammala sai mutum ya tsaya a gabansa.

Misalin da ya fi bayyana haka shi ne madubin katako da wani mai fasaha mai suna Daniel Rozin ya ƙera a 1999. Ya jera ƙananan katakai 830, kowanne da ɗan injin da ke karkata shi, ya ɓoye kyamara a tsakiyarsu. Katakon da ya fuskanci fitila sai ya yi haske, wanda ya sunkuya kuma ya yi duhu, da haka fuskar mai kallo take fitowa, kuma idan ya ɗaga hannu sai a ji katakan suna ƙwas-ƙwas suna bin sa. Tun kafin nan, a 1990, Luc Courchesne ɗan ƙasar Kanada ya yi hoton bidiyo na wata mata mai suna Marie wadda mai kallo yake zaɓar tambayoyin da zai yi mata, ita kuma ta amsa, har takan katse hirar idan ba a yi mata magana da ladabi ba.

Aikin da ya fi taɓa mini zuciya shi ne wanda wani mai fasaha mai suna Rafael Lozano-Hemmer ya yi a 2015 domin tunawa da ɗalibai 43 na makarantar horar da malamai ta Ayotzinapa, waɗanda aka sace a garin Iguala na ƙasar Meziko a watan Satumba na 2014. Ya koya wa manhajar gane fuska siffofin ɗaliban, saboda haka duk wanda ya tsaya gaban kyamarar sai ta binciki fuskarsa, ta nuna ɗalibin da ya fi kama da shi da kuma kashi nawa cikin ɗari kamannin suka kai. Irin wannan manhaja galibi hukumomin tsaro ne suke amfani da ita wajen neman waɗanda ake zargi, sai shi ya juya ta zuwa neman waɗanda suka ɓata. A ganina, a nan ne wannan fasaha ta nuna abin da fenti da buroshi ba za su iya ba.

Sai dai ina so ki kula da abu guda, domin kyamarar da ke zana siffarki tana iya adana ta. Wasu ayyukan suna goge hoton nan take, wasu kuma suna tara fuskokin maziyarta su zama wani ɓangare na aikin. Haƙƙinki ne ki karanta bayanin da aka liƙa kusa da aikin, ko ki tambayi ma'aikatan wurin, kafin ki tsaya gaban kyamarar.