Amsa ga mai son koyon aikin fasa dutse da nakiya

Ɗan'uwa, ka ce kana zaman banza bayan sakandare, kana tambayar ko za ka shiga aikin tada nakiya a wurin fasa dutse. Aikin na da albarka, musamman a masana'antun siminti irin na Obajana da Ashaka da Kalambaina, amma ba a faɗa masa da ka.

Dokar abubuwan fashewa ta 1964 ce ke tafiyar da harkar, kuma sashen sa ido kan ma'adinai na ma'aikatar ma'adinai ta tarayya ne ke ba da takardar shaidar mai tada nakiya. Ka nemi kamfani mai lasisi, ka fara a matsayin yaron aiki: haƙa ramuka, toshe su da tsakuwa bayan an zuba nakiya, tsare hanya da jar tuta.

Abin da ya fi ɗaga min hankali shi ne ramin da nakiyar cikinsa ba ta tashi ba. Na ga saurayi ya zabura zai leƙa, ogan ya cafke masa riga. Ana jira ne har lokacin da doka ta ƙayyade ya cika, hayaƙi ya wuce, ogan kaɗai ke fara zuwa. Da damina kuwa, hadari na haɗuwa ake barin wurin saboda tsawa.

Duk wanda ya ce ka ajiye masa kayan nakiya a ɗaki, guje shi. Nakiyar da aka ɓoye a gida ce ta tashi unguwar Bodija a Ibadan cikin Janairun 2024.