Wane littafi zan fara da shi wajen koyon Linux?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Birnin Kebbi. Yayana ya ba ni tsohuwar laftof ɗinsa mai RAM giga 4, kuma Windows ta yi mata nauyi ƙwarai. An ce in sa mata Linux, ni kuma ban san komai a kai ba. Wani abokina ya turo min littattafai har guda goma sha biyu a waya, yawancinsu na Kali Linux. Da wanne zan fara?

Amsa: Wa'alaikumus salam ƙanena. Allah ya saka wa yayanka da alheri, don wannan laftof ɗin ta ishe ka karatu. Littattafan Kali kuwa ka jingine su tukuna. Kali, wadda ta fito a 2013, an haɗa ta ne don masu gwada ƙarfin tsaron na'urori, mutanen da sun riga sun iya Linux, kuma littattafanta suna ɗauka ka san abubuwan da kake neman koya. Na ga samari da yawa sun fara da ita, suka yi ta kwafar umarnin da ba su san ma'anarsa ba, bayan mako biyu suka ce Linux wahala ce. Abin yana damuna, don da an nuna musu ƙofar da ta dace da sun zauna.

Kafin littafi, sai ka tsayar da irin Linux ɗin da za ka sa. Abin da Linus Torvalds ya fara rubutawa a 1991, yana ɗalibi a Helsinki, zuciyar manhajar ce kawai. Jama'a daban-daban suka ɗauke ta suka ɗora mata kaya, shi ya sa ake da Debian da Ubuntu da Fedora da sauransu. Ubuntu daga Debian ta fito a 2004, Linux Mint kuma daga Ubuntu, don haka gida ɗaya ne, da umarnin apt suke saka manhaja. Fedora da Red Hat wani gidan ne, su dnf suke amfani da shi. Idan littafinka na gidan Red Hat ne, na'urarka kuma Ubuntu, za ka rubuta abin da marubuci ya ce, kwamfuta ta ce ba ta san zancen ba, kai kuma ka zaci laifinka ne. Ga na'ura irin taka, shawarata Linux Mint mai fuskar Xfce, don ba ta cin RAM da yawa. Ka sauke ta inda ake da intanet mai arha, don fayil ɗin ya haura giga biyu, ka zuba ta a filash da wata manhajar Windows mai suna Rufus, ka kunna ta daga filash ɗin ka duba ko wayfai da sauti suna aiki kafin ka goge komai.

Yanzu littafin. Wanda nake miƙa wa kowane sabon shiga shi ne The Linux Command Line na William Shotts. Marubucin da kansa ya sa shi kyauta a shafinsa na linuxcommand.org, ba sata ba ce idan ka sauke, akwai kuma bugun takarda na kamfanin No Starch Press. Dalilina na fifita shi: littattafan da suka cika da hotunan allo, danna nan, buɗe can, saurin tsufa suke yi. Ubuntu tana fitar da sabon zubi duk wata shida, mai dogon zango kuma duk shekara biyu a watan Afrilu, kamar 22.04 da 24.04, kuma fuskar takan sauya. Amma baƙin allon nan da ake rubuta umarni a ciki, wanda ake kira taminal, umarninsa irin su ls da cd da cp da grep sun girmi Linux ɗin kanta, tun zamanin Unix suke, tsohuwar manhajar da Linux ta kwaikwaya. Abin da ka koya a nan zai yi maka aiki a Mint, ya yi maka a sabar kamfani, wato babbar kwamfutar da ke yi wa sauran hidima, har a wayarka ta Android idan ka sa manhajar Termux. Shotts yana farawa ne daga yadda za ka san foldar da kake ciki, ya bi da kai sannu a hankali zuwa izinin fayil da saka manhaja, sai can ƙarshe ya kai ka rubuta ƙananan shirye-shirye. Turancinsa mai sauƙi ne, wanda ya gama sakandare zai bi shi.

Sauran littattafan da ke wayarka, ga yadda za ka tace su. Duba shekarar bugu. Idan ya girmi 2015, a yi hattara, don a shekarar ce Debian da Ubuntu suka koma systemd wajen tayar da ayyukan na'ura, tsohon littafi kuwa tsohuwar hanya zai koya maka. Idan ka ga yana dogara da CentOS, wani irin Linux na gidan Red Hat, ka sani an daina kula da CentOS 7 tun Yunin 2024. Sannan ka buɗe babi na biyu ka karanta shafi ɗaya: in bai sa ka taɓa madannai ba, ba naka ba ne yanzu. How Linux Works na Brian Ward littafi ne mai kyau ƙwarai, bugu na uku ya fito a 2021, amma na wanda ya yi wata uku ko huɗu yana aiki da taminal ne, ya fara tambayar me ke faruwa a ciki idan an kunna na'ura.

Yadda za ka karanta shi ma yana da muhimmanci. Kada ka kwanta a tabarma kana bin shafuka kamar labari. Waya a gefe, laftof a gaba, duk umarnin da ka gani ka rubuta shi da hannunka, ka sauya masa wani abu ka ga me zai faru. Tunda wuta ba kullum ake samu ba, ka je shagon fotokwafi a buga maka babi huɗu na farko, ka riƙa dubawa da rana, in an kawo wuta ka gwada. Rabin awa kullum ya fi yini guda a mako. In ka maƙale, rubuta kalmar "man" a taminal sannan sunan umarnin, bayaninsa na cikin na'urar, ba ya buƙatar data.

Gargaɗi ɗaya: umarnin rm ba ya kai fayil kwandon shara, abin da ya goge ya tafi. Ni kaina na taɓa rasa aikin mako guda ta haka. Ka buɗe folda ta musamman don gwaji, kuma duk layin da ya fara da sudo, umarnin da ke ba ka ikon sauya komai a na'urar, kada ka danna shi sai ka fahimci abin da zai yi. In ka kai babin izinin fayil ka ga umarnin chmod ya rikita ka, sake rubuto min, mu bi shi tare.